Ina amsa ta biyu ta shiga? Sharhi a kan takardun bitar tirgonometiri da ke yawo a lise

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da lissafi a azuzuwan ƙarshe na lise, sashen C ko D, ya san wata ƴar takarda da ke ɓullowa a hannun ƴan makaranta da zarar jarrabawar bak ta ƙarato. Shafi ɗaya ce ko biyu, ba ta ɗauke da sunan marubuci, an yi ta buga kofinta har baƙin ya dushe, yanzu kuma hotonta ne ke yawo cikin wayoyi. Mun ga irinta a Yamai, mun gan ta a Maraɗi da Damagaram, kuma ko da hannun da ya rubuta ta ya bambanta, abin da ke ciki kusan ɗaya ne. A wannan ɗan nazari sashe guda kawai za mu duba, watau inda take koya yadda ake warware daidaito irin su sin x = a, cos x = a da tan x = a. Ba mu raina ta ba, don kuwa ita ce littafin da yara da yawa ke karantawa da gaske a makonnin ƙarshe, kuma abin da ta bari a baya shi ne abin da su ma za su bari a zauren jarrabawa.

Kafin mu shiga, ga kalmomin da za mu yi aiki da su. Daidaito muke kiran magana ta lissafi mai alamar = a tsakiya, wadda ake neman abin da zai sa ɓangarorinta biyu su zo ɗaya. Da'irar awo ita ce da'ira mai rabin faɗi 1, wadda cibiyarta ke mahaɗar layin kwance da layin tsaye. Sinus, kosinus da tanjan mun bar su yadda ake faɗin su a aji. Kusurwa kuwa za mu riƙa ba da ita wani lokaci da digiri, wani lokaci da radiyan, inda π ke daidai da digiri 180.

Abin da takardar ta faɗa

Layi uku ne. In sin x = sin α, to x = α + 2kπ ko x = π − α + 2kπ. In cos x = cos α, to x = α + 2kπ ko x = −α + 2kπ. In tan x = tan α, to x = α + kπ. A ƙarƙashinsu akwai jadawalin kusurwoyin nan da aka saba, 0, π/6, π/4, π/3, π/2, sai misali ɗaya ko biyu da aka warware. Shi ke nan.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin layukan nan, kuma ya kamata a faɗi haka tun da wuri. Laifin takardar shi ne ta cire zanen da ya haifi layukan. Manyan littattafan aji, kamar jerin CIAM da aka soma fitarwa cikin shekarun 1990 ƙarƙashin jagorancin Saliou Touré na Kodebuwa, suna ɗauke da da'irar. Amma littafi yana da tsada, aji yana da yawa, mai taƙaitawa kuma da ya zo rage kaya sai ya ga zane shi ne ya fi cin wuri, ya ɗauke shi kamar ado. Abin da ya rage wa yaro shi ne harda: π − α na sinus ne, −α na kosinus ne, tanjan kuma ba shi da 2 gaban kπ. Don me? Takardar ba ta ce komai ba. Abin da aka hardace ba tare da dalili ba kuwa, ranar da tsoro ya kama mutum yakan musanya, sai a tarar da π − α ƙarƙashin kosinus.

Ga abin da zanen ke nunawa. A tashi daga ɗigon da ke dama, inda da'irar ta gitta layin kwance, a bi gefenta akasin yadda hannun agogo ke juyawa, a yi tafiya mai tsawon x. Inda aka tsaya, tsayinsa bisa layin kwance shi ne sinus, nisansa zuwa dama ko hagu na layin tsaye shi ne kosinus. Saboda haka tambayar sin x = 1/2 tana nufin: a ina ne gefen da'ira ke da tsayin rabi? A ja layi a kwance a wannan tsayi. Zai ratsa da'irar a wuri biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, suna kallon juna kamar mutum da hotonsa a madubi: digiri 30 da digiri 150. Ga π − α nan, ido ya gan shi. Ga cos x = 1/2 kuwa layin a tsaye za a ja shi, ɗigon biyu su zama ɗaya sama ɗaya ƙasa, digiri 60 da −60. Ga tanjan, layin ta cibiya yake bi, ya fita ta wancan gefe, shi ya sa rabin zagaye ya isa a sake samun amsa, kuma dalilin rashin 2 ɗin ke nan. Yaron da ya ja layukan nan uku da hannunsa sau biyar ko shida ba ya bukatar harda, in ma ya manta zai iya sake ƙirƙiro ƙa'idar a gefen takardarsa cikin minti ɗaya.

Shi kuma 2kπ, wanda yara ke liƙawa a ƙarshen layi kamar tambarin ofis, ba baƙon abu ba ne ga kowa. Kasuwar da ke ci Litinin da Juma'a, in Litinin ta faɗo ran 3 ga wata, za ta ci ran 3, 10, 17, 24, ta kuma ci ran 7, 14, 21, 28. Zuri'a biyu ke nan, 3 + 7k da 7 + 7k. Ba wanda zai ce kasuwar sau ɗaya take ci don ya san Litinin kawai. Mako shi ne zagaye, ranakun cin kasuwa su ne ɗigon biyu.

Wata ƴar ratse a kan tarihi, don kada a ɗauka da'ira sabon salon koyarwa ne da aka ƙaƙaba wa tsohon ilimi. Daga da'ira aka fara. Batlamiyus a Iskandariyya, cikin ƙarni na 2, ya tsara jadawalin igiyoyin da ke haɗa ɗigo biyu na da'ira mai rabin faɗi 60. Aryabhata na Indiya, a shekarar 499, ya yi aiki da rabin igiya a da'ira mai rabin faɗi 3438, kuma sunan da Indiyawa suka ba ta na nufin tsarkiyar baka. Larabawa suka aro kalmar, aka riƙa rubuta ta da harufan da za a iya karantawa jaib, watau wuyan riga ko aljihu. Masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka ce sinus, wanda ke da wannan ma'ana. Kalmarmu ta aljihu daga wannan al-jaib ɗin ta fito, ashe sinus da aljihu ƴan gida ɗaya ne. Abul Wafa a Bagadaza, cikin ƙarni na 10, yana cikin waɗanda suka mai da rabin faɗin ya zama 1, Euler kuma a littafinsa na 1748 ya zaunar da abin yadda muke koyar da shi. Wanda ya cire da'ira daga darasin ya cire uwar, ya bar ƴaƴa.

Inda harda ke kā da yaro

Mun sha gyaran takardun gwaji a wata lise da ba sai mun faɗi sunanta ba, kuma kurakuran da ke dawowa kowace shekara ba su da yawa. Na farko shi ne mai sauƙi, a rubuta x = π/6 a tsaya. Na'urar lissafi tana ƙara wa wannan ƙarfi, don in an tambaye ta kusurwar da sinus ɗinta ke 0,5 amsa guda take bayarwa, tsakanin −90 da 90, kuma ba za ta taɓa faɗin cewa akwai wata ba. Ba laifinta ba ne, haka aka gina ta.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. A ɗauki sin 2x = 1/2. Yaro ya rubuta 2x = π/6 + 2kπ, daidai. Da ya zo rabawa da 2 sai ya raba π/6 ya bar 2kπ yadda yake, tunda a wurinsa tambari ne, tambari kuwa ba a raba shi. Ya samu digiri 15 da 75, ya rasa 195 da 255. Da an saba masa da ɗora amsoshinsa a kan da'ira, kuma an nuna masa cewa 2x na yin zagaye biyu kafin x ya gama ɗaya, da ya san tun kafin ya fara cewa ɗigo huɗu yake nema. Takardar bitar tana da misali irin wannan, an warware shi daidai, amma ba ta tsaya ta ce ga inda rami yake ba.

Na uku shi ne rabawa da abin da zai iya zama sifili. A sin 2x = sin x, yaro ya buɗe ɓangaren hagu ya zama 2 sin x cos x, ya share sin x a ɓangarorin biyu, ya samu cos x = 1/2, watau digiri 60 da 300. Digiri 0 da 180 sun tafi tare da abin da ya share. A nan da'ira ba ta hana kuskuren kai tsaye, sai dai wanda ya saba da ita yana da al'adar gwada ɗigon nan huɗu na dama, sama, hagu da ƙasa kafin ya rufe aiki, kuma gwajin farko zai tona asirin.

Amma misalin da ya fi nuna bambancin hanyoyin biyu shi ne sin x + cos x = 1, kuma za mu ɗan daɗe a kansa. Hanyar da yara suka fi bi ita ce ninka kowane ɓangare da kansa. Hagu ya ba da 1 + sin 2x, dama ya ba da 1, saura sin 2x = 0, amsoshi huɗu: 0, 90, 180, 270. Kowane mataki yana da kamar gaskiya. To a gwada 180: sinus 0, kosinus −1, jimla −1. Ba ta yi ba. Haka ma 270. Ninkawar ta shigo da amsoshin wani daidaito dabam, sin x + cos x = −1, ta gauraya su da namu, kuma babu abin da ke cikin layukan nan uku na takardar da zai faɗakar da yaro. Yanzu a koma ga zane. A kira kosinus X, a kira sinus Y. Daidaiton ya zama X + Y = 1, miƙaƙƙen layi ne wanda kowane ɗan koleji ya iya ja. Ya bi ta ɗigon dama da ɗigon sama na da'irar. Miƙaƙƙen layi ba ya ratsa da'ira fiye da wuri biyu. Aiki ya ƙare: 0 da 90, tare da zagayensu. Wanda ya ga wannan ba zai yarda da amsa huɗu ba ko da alƙalaminsa ne ya fitar da su.

Wannan dubara ta wuce misali guda. Duk daidaito mai siffar a cos x + b sin x = c tambaya ce a kan haɗuwar layi da da'ira, kuma hali uku ne kawai: ya ratsa ta, ya shafe ta, ko ya wuce ta nesa. A 3 cos x + 4 sin x = c, nisan layin daga cibiya shi ne c a raba da 5. In c na 2 ne, amsa biyu. In 5 ne, layin ya shafi da'irar a ɗigo guda, mai kosinus 3/5 da sinus 4/5, wajen digiri 53. In 6 ne, babu amsa sam. Takardar bitar, a wasu kofe-kofenta, tana ba da hanyar rabawa da saiwar a² + b², hanya ce mai kyau kuma dole a iya ta, sai dai an jera ta a matsayin ƙa'ida ta huɗu da za a hardace, alhali zanen ɗaya ne da na sin x = 1/2, layin ne kawai ya karkata.

Rana a tsakar ka

Za a iya cewa duk wannan maganar maki ce a jarrabawa. To ga wani wuri inda amsa ta biyu ke da ranarta a kalanda. Maraɗi da Yamai suna wajen digiri 13,5 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Tambaya: wace rana ce a shekara rana ke bi ta tsakar ka sosai, har sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa da tsakar rana? Hakan na faruwa ne in karkatar rana zuwa arewa ta zo daidai da digirin garin. Karkatar nan, δ, tana bin ƙa'idar sin δ = sin 23,44° × sin λ, inda 23,44° ke nuna jirkicewar duniya, λ kuma shi ne nisan da rana ta ci a zagayenta na shekara tun daga ran 20 ga Maris, lokacin da dare da yini ke daidaita. In aka sa δ = 13,5°, sai a samu sin λ = 0,2334 a raba da 0,3978, wajen 0,587.

Na'ura za ta ce digiri 36. Tunda rana na cin ƙasa kaɗan da digiri ɗaya a yini, wannan ya kai mu wajen 26 ga Afrilu, tsakiyar bazara, kuma ba wanda zai yi gardama, kowa ya san zafin lokacin. Mai na'ura ya tashi ke nan. Mai da'ira kuwa ya san layinsa ya fita ta hagu, a 180 − 36, digiri 144, wajen 17 ga Agusta. A tsakiyar damina, gero ya yi tsawo, hadari ya rufe sama, rana ta sake bi ta tsakar ka a hanyarta ta komawa kudu. Mutane ba su cika lura ba saboda gajimare da sanyin ruwa, amma duk malamin da ya samu sararin sama a ranar zai iya fitar da ajinsa fili da sanda ɗaya su gani. Tsakanin ranakun nan biyu, inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuma arewa.

A sa digirin Paris, kusan 49, cikin wannan lissafi: sin λ ya fito wajen 1,9. Layin ya wuce saman da'irar bai taɓa ta ba, rana ba ta taɓa hawa tsakar ka a can. A ƙuryar arewacin Nijar kuwa, inda ƙasar ta kai wajen digiri 23 da rabi, layin shafar da'irar yake yi, ranakun biyu sun haɗe sun zama ɗaya, wajen 21 ga Yuni. Hali ukun nan da muka ambata a sama, ga su a taswira. Muna ganin misali irin wannan ya fi cancantar wuri a takardar bita bisa jerin daidaito goma da ba su nufin komai, musamman ga yaran da ke zaune a inda amsoshin biyu duka ke faruwa a kansu.

Iyakar da'ira

Ba za mu yi wa takardar adalci ba in muka nuna kamar zane na maganin komai. Da'ira tana faɗin yawan amsoshi da inda suke, ba ta faɗin adadinsu daidai in an fita daga kusurwoyin jadawali. A sin x = 0,3 dole a nemi na'ura ta ba da 17,46°, sannan da'ira ta ƙara 162,54°. Kowace da aikinta. A cos 3x = cos x kuma ƙa'idar da aka rubuta ita ce ke buɗe hanya: ta ba da x = kπ da x = kπ/2. Sai dai a nan ma in ba a ɗora su a zane ba, yaro ba zai ga cewa zuri'ar farko tana cikin ta biyu ba, ya yi ta ƙirga amsa ɗaya sau biyu. Akwai kuma irin cos x = x, wanda amsarsa ke wajen 0,739, inda ƙa'ida da da'ira duka ba su da abin cewa, sai an bi hanyar kusantowa kaɗan-kaɗan.

Wuri ɗaya ne muka sani inda da'ira kan yaudari wanda ya dogara da ita, kuma masu yabonta ba su cika ambatonsa ba. A ɗauki sin(x/2) = 1/2. Amsoshin su ne x = π/3 + 4kπ da x = 5π/3 + 4kπ, watau digiri 60 da 300, suna dawowa bayan kowane 720. Yaro mai son zane zai sa ɗigo a digiri 60 ya ce wannan ɗigo amsa ne. Amma ɗigon nan shi ne kuma mazaunin digiri 420, rabin 420 kuwa 210 ne, sinus ɗinsa −1/2. Ɗigo guda, wani zuwan amsa ne, wani zuwan ba amsa ba. Dalili shi ne da'ira ba ta riƙe lissafin zagaye nawa aka yi, ita kuwa wannan tambaya tana bukatar a san ko zagayen na fari ne ko na biyu. Maganin abin shi ne a zana da'irar don x/2, a karanta amsoshi a can, sannan a ninka, a jera su bisa miƙaƙƙen layi. Wannan ya nuna 2kπ ɗin da takardar ta nace a kai yana da aikin da zane ba ya iya yi masa, kuma a nan mai taƙaitawa yana da gaskiya da ya ƙi barin sa.

Saura tambayar da ta fi mu ƙarfi, ta masu gyaran jarrabawa. Muddin tsarin rabon maki yana biyan layin ƙarshe kawai, yaro zai ɗauki zane a matsayin ɓata lokaci, mai rubuta takardar bita kuma zai ci gaba da cire shi, don shi ma abin da ake biya yake bi. A namu ajin mun gwada ware rabin maki ga da'irar da aka ɗora amsoshi a kai, ko da an zana ta da bakin kofi ko da dala ashirin don rashin kompa. Wasu abokan aiki sun ce lokaci ba ya isa, manhaja tana da tsawo, kuma ba mu ce ƙarya suke ba. Abin da muke roƙon duk wanda zai sake kofe takardar nan shi ne ya rage biyu daga misalan ƙasan shafi, ya sa da'ira uku a gurbinsu, ɗaya da layi a kwance, ɗaya da layi a tsaye, ɗaya da layi ta cibiya, kowace a gefen ƙa'idarta, ya kuma ƙara sin(x/2) = 1/2 a ƙarshe da gargaɗi a kansa.